Hausa A Jini Take

A jikin firjin gidan Injiniya akwai wata takarda da aka manne da maganaɗisu huɗu, in ka ga yadda ake girmama ta sai ka rantse wasiyya ce. Jadawalin harsunan 'yarsa ne, ita kaɗai Allah ya ba shi. Litinin da Laraba Faransanci. Talata da Alhamis Larabci, don kada a ce an bar addini a baya. Turanci ba shi da rana, shi ne iskar da ake shaƙa a gidan. Daga baya aka zo da jan biro aka cike Juma'a da Asabar da Lahadi da Koriyanci, tun da yarinyar ta kamu da son waɗansu samari mawaƙa su biyar masu gashi kala-kala, waɗanda hotunansu suka cinye bangon ɗakinta har silin.

Kaka, mahaifiyar Injiniya, ba ta yi boko ba, amma ba ta rasa ido ba. A makon da aka ɗauko ta aka kawo ta gidan saboda ciwon gwiwa, ta tsaya gaban firjin ta sa ɗanta ya karanta mata takardar daga sama har ƙasa. Da ya gama ta ce, "To ina ranar Hausa?"

Ya yi dariya har da dafa firji. "Haba Inna, Hausa kuma sai an ba ta rana? Ai Hausa a jini take. Ba ta ɓacewa."

Jinin dai yana nan yana gudana, ba wanda ya ce babu. Sai dai yarinyar shekararta goma sha shida, kuma duk Hausar da ta fito daga jinin nan ta kai baki ba ta wuce "sannu" da "na gode" da "ban sani ba". Kowa "kai" ne a wurinta, har uwarta. Sunan Kaka aka sa mata, shi ya sa tsohuwar ke kiran ta Takwara. Ita kuma tana kiran tsohuwar Girani, wai kaka da Turanci, sunan da Kaka ta ce ya fi kama da na maganin sauro.

Gidan a hawa na huɗu yake, kuma gwiwar Kaka ta daɗe da yin sallama da matakala. Aka ba ta ɗakin ƙarshen lungu, mai taga babba da gado mai laushi da talabijin da ba ta jin abin da yake faɗa. Wanda duk ya zo ya gani sai ya ce Injiniya ɗan albarka ne. Ita ma ba ta musa ba. Abinci na zuwa a kan lokaci, magani na zuwa a kan lokaci. Magana ce kawai ba ta zuwa.

Har ƙirga ta take yi, don aikin yi ya yi mata ƙaranci. Da safe Injiniya zai leƙo daga bakin ƙofa, makullin mota a hannu, ya ce, "Inna an tashi lafiya? Sai na dawo." Kafin ta haɗa amsa ya kai bakin lif. Matarsa, wadda ma'aikatan bankinsu ke kira Madam har sunan ya biyo ta gida, za ta ajiye tire ta ce, "A sha magani, Inna." Da yamma a sake maimaita su biyun, a juya su kamar riga. Shi ke nan rabon yini. Matar da a da in ta buɗe baki a taron suna sai masu rigima su ajiye rigimarsu su saurara, yau sai ta yi gyaran murya ita kaɗai don ta tabbata muryar tana nan. Tantabaru biyu da ke sauka a bakin tagarta su suka san tarihin danginta kaf, tun daga kan kakar kakarta.

Ta gwada kama Takwara a lungu sau da yawa. "Ke, zo nan in ba ki labarin wadda muka ci sunanta." Yarinyar za ta zare abin jin waƙa ɗaya daga kunne, ta yi murmushi mai kyau, ta ce, "Ban sani ba, Girani," ta mayar da shi. Ba rashin kunya take yi ba, iyakar abin da ke cikin jakarta ke nan.

Ranar da Madam ta ji ana wannan kokawa sai ta shigo ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kwantar da murya. "Inna, don Allah wata alfarma. In yarinyar nan tana kusa a ɗan rage Hausar. Malamar Faransancinta ta ce kan yaro kamar kwaba ne, in aka cika tarkace sai a rasa wurin kayan kirki. Ta gama jarrabawa tukuna. Hausa ai ba inda za ta je."

Kaka ta dube ta, ta dubi tantabarun. Ta ce, "To." Kalmar tarkacen nan ta yi kwana uku tana ci mata rai.

Ana nan sai wata Asabar da hantsi ƙofar ta buɗe, sai ga Takwara da kaya niƙi-niƙi: sanda mai ƙafa uku, fitila zagayayya kamar faifai, da littafi mai rubutu kamar an zana tagogi da tsani. Ashe ta fara ɗaukar kanta a waya tana gwada Koriyanci tana sakawa duniya ta gani, kuma ta zagaya gidan ta gano ba inda ya kai ɗakin Kaka haske, ba kuma inda ya kai shi shiru. Ina zai rasa shiru?

Ta ɗora yatsa a leɓe. "Girani, kai shiru. Kaɗan."

Kaka ta yi shiru, amma daɗi kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Da babu gara ba daɗi. Ga mutum a ɗakinta, yana numfashi, yana motsi, yana ƙamshin man gashi. Ta koma ƙuryar gado inda aka nuna mata don kada ta fito a hoto, ta zuba wa jikarta ido. Yarinyar tana da ƙoƙari, wannan ba a ƙwace mata ba. Kalma ɗaya sai ta maimaita ta sau ashirin, ta rubuta, ta goge, ta saurari mawaƙan nan ta sake gwadawa, har gumi ya tsattsafo mata a hanci. Kaka tana kallo tana cewa a ranta, da rabin wannan wahalar aka yi wa Hausa da yanzu yarinyar nan tana yi min baƙar magana.

Kunnen tsohuwa kuwa ba ya hutu. Mako uku ana abu ɗaya a gabanta. Ran nan Takwara ta shigo da kayanta, ba ta ma dubi gadon ba, sai ta ji an ce daga ƙurya, "Annyong haseyo."

Sandar ta faɗi. Yarinyar ta juyo baki buɗe, ta yi tsalle ta faɗa jikin Kaka ta rungume ta, tana dariya tana zuba Turanci. Wannan ce runguma ta farko tun zuwan tsohuwar gidan. Kaka ta ji ƙasusuwan yarinyar a ƙirjinta, ta ji ɗuminta, hawaye suka cika mata ido. Ba ta san abin da ta faɗa ba. An dai ce mata daga baya gaisuwa ce. Ko zagi ne, a ranar da za ta sake faɗa.

Ta kuwa sake, don nan take aka juyo da fitilar kanta.

Kafin mako ya zagayo an ce mutum dubu ɗari sun kalle ta. Injiniya ya shigo ɗakin da ƙafafunsa biyu, ya zauna, ya nuna mata waya. "Inna kin zama tauraruwa. Har a ofis ana tambayata." Madam ta sayo mata sababbin mayafai uku masu ɗaukar haske. Girani ta mutu, aka haifi Halmoni, wai haka Koriyawa ke cewa kaka. Baƙi in sun zo, waɗanda a da suke ɗaga mata hannu daga falo, yanzu sai a jero su har bakin gado a ce, "Inna, ɗan yi musu." Sai ta yi musu. A kwashe da dariya, a tafa, a koma falo a ci gaba da Turanci.

Kaka ba yarinya ba ce, ta san aku in ta gan shi, ko da a madubi ne. Amma ta yi lissafinta. Tunda an zo kasuwarta, ita ma za ta kasa kayanta. Ta sa Injiniya ya fassara wa yarinyar sharaɗi: kalma ɗaya taki, kalma ɗaya tawa. Takwara ta gyaɗa kai da sauri, ta ce, "Na gode."

Ranar farko abin ya tafi daidai. Kaka ta faɗi "saranghe", wai "ina son ku", tana haɗa yatsu biyu yadda aka koya mata, sannan ta kama hannun yarinyar ta ce, "Ce: ina kwana, Kaka." Yarinyar ta ce wani abu mai kama da haka, idonta a kan waya. Rana ta biyu batir ya ƙare daidai lokacin Hausa. Rana ta uku mawaƙan sun saki sabuwar waƙa, kuma duk masoyin gaskiya dole ya kalle ta a sa'ar farko. Daga nan sai Kaka ta sauya dabara, ta riƙa cusa tata maganar ana cikin ɗauka. In ta gama abin da aka sa ta, sai ta dubi fitilar ta ci gaba da Hausa: sunan uwarta, sana'ar ubanta, yadda aka yi ta haifi Injiniya a hanya kafin a kai asibiti. Ta ce ko ba a ji yau ba, yana cikin waya, wata rana a ji.

Wata ƙanwar Madam ce ta nuna mata hoton da aka saka, tana yaba kyan mayafin. Kaka ta ga kanta tana faɗin na Koriyawan tsaf. Da aka zo wurin nata sai ta ga bakinta yana motsi, amma kiɗa ne ke tashi, an kuma manna mata kunnuwan zomo a ka.

Da yamma ta tare ɗanta. "An yanke maganata."

"Inna, masu kallon ba Hausawa ba ne. In aka bar ta sai su wuce. Haka tsarin yake, ba laifin kowa ba ne."

"Takwara fa? Ita ma ba Bahaushiya ba ce?"

"Ai ita a jini take, Inna. Sai na fito daga wanka."

Cikin haka cibiyar da Takwara ke koyon Koriyanci ta sa gasar jawabi, kuma abin da aka ce a yi magana a kai shi ne girmama tsofaffi. Gidan ya ɗauki zafi. An ce Koriyawa ba su da na biyu wajen ladabi ga manya, har kalmomi na musamman suke da su na yi wa babba magana, kuma Takwara ta haddace su duka. Aka tsara cewa a ƙarshen jawabin za a fito da Halmoni kan dandamali, yarinyar ta rusuna mata, ta miƙa mata kofi da hannu biyu, ita kuma ta faɗi jimla uku ta sa albarka. Kullum bayan makaranta sai an gwada. Yarinyar da ba ta taɓa lanƙwasa gwiwa ta gaishe ta ba, ga ta tana rusunawa sau goma a yini, tana leƙen waya ta ga ko bayanta ya miƙe. Kaka ta ce wa tantabaru, "Ashe sai an je Koriya ake koyon miƙa wa babba abu da hannu biyu. Mu da muka yi a banza mun yi asara."

Saura kwana tara gasa ta tashi ta ji hannunta na hagu kamar na aro. Ta ɗauki carbi ya zame. Zuwa azahar ya saki, washegari ya dawo, ya zo da nauyin baki. Da Madam ta kawo tire ta ce mata, "'Yar nan, hannun nan nawa ba lafiya. Bakina ma yana min nauyi."

Madam tana duba agogo. "Kwanciya ce, Inna, kin danne shi. Bakin kuma ai dole, sabon yare kike koya da girma. Ni ma da na fara Faransanci har muƙamuƙina ya yi ciwo."

Ta faɗa wa Injiniya daga bakin ƙofa. Ya ce, "In sha Allahu da an gama gasar nan zan kai ki a duba ki gaba ɗaya. Yanzu in aka je asibiti sai su riƙe ki, kin san halinsu, yarinyar kuma ta sa rai."

Ta faɗa wa Takwara, ta ɗaga hannun da ɗayan ta sake shi ya faɗi a cinya don ta gani. Yarinyar ta yi dariya, ta ɗauka sabon wasa ne. Da aka kunna fitila jimlolin suka ƙi fita daidai, suna jan ƙafa. Takwara ta ɓata fuska. "A'a, Halmoni. Sake." Ta matso ta nuna mata yadda ake buɗe leɓe, har da kama mata haɓa. Aka sake. Aka sake. Ran nan sau goma sha bakwai aka ɗauka, kofin ya suɓuce sau biyu, yarinyar ta fita tana ƙunƙuni an ɓata mata yini. Kaka ta zauna da jiƙaƙƙen zane, tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta. Ba mutuwar take tsoro ba. Tsoronta kada bakin ya rufe da kayan da ke cikinsa.

Ranar gasa aka naɗe ta cikin wata doguwar riga ta aro mai ɗamara a ƙirji, aka sauko da ita a lif, karo na farko cikin watanni. Zauren ya cika da iyaye da matasa masu riƙe da hotunan mawaƙa. Injiniya ya zauna a layin gaba yana gaya wa na kusa da shi, da ƙarfin da na bayansa ma zai ji, cewa 'yarsa harshe huɗu take ji.

Takwara ta yi jawabinta, kuma ko Kaka da ba ta ji ko ɗaya ba ta san ya yi kyau. Muryar yarinyar ta yi rawa a inda ya kamata, wata mata a layi na biyu har da share ido. Aka turo Kaka a keken guragu. Yarinyar ta rusuna, bayanta a miƙe kamar an gwada da ma'auni, ta miƙo kofi. Kaka ta karɓa da hannun dama kaɗai. Mai gabatarwa ya kawo abin magana daidai bakinta, zauren ya yi tsit.

Tsit ɗin ne ya ja ta. Mutum ɗari uku sun rufe baki suna jiran ta yi magana. Rabonta da haka har ta manta. Jimloli ukun suna nan a kanta, ta ture su gefe.

"Jama'a, sannunku da zuwa," ta ce, kalmomin suna fita da ƙyar amma suna fita. "Ni abin da ake sa ni faɗa da yaren nan ban san shi ba. An ce in faɗa, ina faɗa, don shi ne kaɗai ke kawo yarinyar nan ɗakina. Wata goma sha huɗu ina gidan ɗana. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba, Allah ya yi masa albarka. Amma ba wanda ya zauna ya yi hira da ni ta tsawon shan kofin shayi. Yarinyar nan sunana gare ta, ina son ta kamar raina. Ina da labarin uwata da zan ba ta, da na uwar uwata, ban da wanda zan bar wa sai ita, ita kuma ba ta ji. Hannuna yau kwana tara yana mutuwa yana farfaɗowa. Na faɗa, an ce in bari a gama gasa. To ga shi an gama."

Ta mayar da kanta jikin kujera. Mai gabatarwa ya yi murmushi, ya juya wurin Takwara da abin maganar, ya yi mata alama da hannu ta fassara wa jama'a. Ai mai harshe huɗu ce, an rubuta a takardar shiri.

Yarinyar ta karɓa. Ta dubi Kaka, ta dubi zauren. Ta buɗe baki ta rufe. Kaka ta ga idonta ya kawo ruwa, sai tausayinta ya kama ta, don ba ita ta rubuta takardar jikin firji ba.

Sai ga Injiniya ya haye dandamali da sassarfa, bai ko bi ta matakala ba. Ya karɓe abin maganar, ya dafa kafaɗar uwarsa, ya faɗi abin da bai fi numfashi biyu ba da Turanci. Zauren ya ɗauki tafi, wasu har da miƙewa. Aka ba Takwara na ɗaya.

A mota, da aka wuce shataletale na biyu, sai Madam ta juyo. "Inna, fisabilillahi, a gaban mutane? Allah ya sa ba mai ji a wurin. Da bai yi dabara ya ce kin ce kina alfahari da jikarki da tarbiyyar gidan ba, da da wane ido za mu kalli jama'a?"

Takwara tana gefen Kaka, kofin gasa a cinya, ta tambayi ubanta wani abu da Turanci. Ya amsa a gajarce yana kallon titi. Ta sake tambaya. Ya ƙara ƙarar rediyo.

Asibitin da aka yi alkawari an je shi, ba a saɓa ba. Washegari da hantsi aka je, a motar ɗaukar marasa lafiya, bayan Madam ta shigo da tire ta tarar da tsohuwa a ƙasa tsakanin gado da taga. Rabin jiki ya tafi, magana ta bi shi. Kunne da hankali kuwa suna nan garau, shi ya sa tana kwance tana jin ɗanta a bakin ƙofar ɗakin jinya yana amsa wayar dangi, ɗaya bayan ɗaya, da Hausarsa mai kyau wadda ta shayar da shi.

"Wallahi farat ɗaya abin ya zo. Kun san Inna da zurfin ciki. Da ta faɗa ai da tuni mun kawo ta."

Bayan mako uku aka dawo da ita ɗakin ƙarshen lungu. Yanzu ya fi da shiru, amma ba wanda ya zo ɗaukar hoto. Mayafan masu ɗaukar haske suna ninke a kwaba. Tantabaru suna sauka, su jira, su tashi.

Ta bangon da ke tsakaninta da ɗakin Takwara, inda a da kiɗan samari biyar ke dukan kunnenta, sai ta fara jin wata murya da ta sani. Tata ce, ta ranar gasa. "Jama'a, sannunku da zuwa." A tsayar, a mayar baya, a sake. A tsayar, a sake. Yadda yarinyar ke yi wa waƙoƙin Koriya, haka take yi wa maganar kakarta, gaɓa-gaɓa, tana rubutawa. Rannan aka yi hayaniya a falo, muryar yarinyar tana sama, ta uban tana lallashi. Kwana biyu bayan haka Madam ta shigo da tire tana cewa, kamar mai ba da labarin ƙarin albashi, "Inna, albishirinki. An sa Hausa a jadawali. Lahadi da yamma, rabin awa. An samo mata malami ta waya, ƙwararre ne, daga wata ƙasa yake koyarwa."

Daga wata ƙasa. Kaka ta lumshe ido. Taku goma sha biyu ne daga ƙofar yarinyar zuwa tata, ta sha ƙirgawa.

Ranar Litinin da safe, ranar Faransanci, ƙofar ta buɗe a hankali. Takwara ce cikin kayan makaranta. Ba sanda, ba fitila, ba waya a hannunta. Ta zo bakin gado ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, ba ta damu da ko bayanta ya miƙe ba. Ta kama hannun daman tsohuwar.

"Ina kwana, Kaka. Yaya jiki?" Ta tsaya, ta nemo sauran. "Ki ba ni labari. Ina ji."

"Ki" ta ce, ba "ka" ba. Amsar ta taso wa Kaka tun daga ciki, da gaisuwar, da tsokanar da ta tanada wata goma sha biyar, da sunan uwarta da na uwar uwarta, duk suka taru a bayan haƙoranta suna turereniya. Ta yi iyakar ƙoƙarinta. Leɓen ya karkace, wani sauti ya fito wanda ba na kowane yare ba ne, yawu ya biyo shi. Yarinyar ta sa gefen hijabinta ta goge mata, ta ci gaba da jira, tana kuka ba sauti.

Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, baki har kunne.

"Kin ji ko, Inna? Darasi ɗaya tak. Harshe biyar ke nan." Ya duba agogo. "Ai na gaya miki a jini take. Sai na dawo."